HAƊA ƘWAƘWALWAR ƊAN ADAM DA NA'URA: MAGANI NE KO SAUYA HALITTAR ALLAH?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya kyautata halittar mutum, Ya ba shi ji da gani da hankali, sa'an nan Ya ɗora masa amana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a wayoyin matasanmu, daga manyan birane har zuwa garuruwa irin su Kafinsoli da Kankiya da Kusada, cewa wai Turawa sun soma dasa wa mutane na'ura a cikin ƙwaƙwalwa, kuma nan gaba kaɗan mutum zai haɗe da kwamfuta ya zama mai basirar da ta wuce ta 'yan Adam duka. Jama'armu sun kasu gida biyu a kan wannan labari. Wasu sun ce ƙarya ce tsagwaronta, ko kuwa alamar bayyanar Dujal ce, alhali ba su kawo dalili ko ɗaya ba. Wasu kuma abin ya ruɗe su, har suna ganin duk wanda ya yi tambaya a kansa maƙiyin ci gaba ne. Musulmi ba ya ƙaryata abu don bai san shi ba, ba ya kuma gaskata shi don Bature ne ya faɗa. Matsayinmu a nan shi ne: abubuwa biyu aka cakuɗa cikin labarin, magani da aƙida, kuma wajibi ne a rarrabe su. Maganin muna maraba da shi bisa sharuɗɗan Shari'a. Aƙidar da ake so a shigo da ita a bayan marasa lafiya kuwa, ita ce ba mu yarda da ita ba.

ABIN DA YA TABBATA

Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, waɗanda suke aika wa juna saƙo da wani ɗan motsin lantarki mai rauni ƙwarai. Tun a shekarar 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya iya auna wannan motsi daga saman fatar kai. Idan mutum ya yi niyyar ɗaga hannunsa, wasu ƙwayoyi a wani sashe na ƙwaƙwalwa sukan motsa, saƙon ya bi ta laka ya isa ga hannun. Wanda lakarsa ta yanke, saƙon yana fita amma ba ya isa. Dabarar masana ita ce a tare saƙon tun daga tushe, a miƙa shi ga kwamfuta, ita kuma ta koyi fassara shi.

A shekarar 2004 aka dasa wa wani matashi Ba'amurke da jikinsa ya shanye wata 'yar na'ura mai tsinke kusan 100, ya riƙa motsa alama a fuskar kwamfuta da niyyarsa kaɗai. A 2023 wasu jami'o'i biyu a jihar Kalifoniya suka sanar cewa mata biyu da suka rasa magana sun iya fitar da kalmomi ta hanyar na'ura, ɗaya kalma 62 a minti guda, ɗayar kuma 78. A watan Janairu na 2024 kamfanin Neuralink, wanda attajirin nan Elon Musk ya kafa tare da wasu a 2016, ya yi dashensa na farko a kan mutum, wani mai suna Noland Arbaugh, wanda haɗari ya shanye masa jiki daga kafaɗa zuwa ƙasa. An huda ƙoƙon kansa gwargwadon faɗin kwabo, aka cusa zaruruwa 64 waɗanda suka fi gashi siranta, masu wuraren ɗaukar saƙo 1,024. Bayan 'yan makonni aka nuna shi yana wasan dara irin na Turawa a kwamfuta ba tare da ya taɓa komai ba. Haka kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa da yawa daga cikin zaruruwan sun zame daga inda aka cusa su, sai da aka gyara tsarin fassarar kafin aikin ya daidaita.

Ban da waɗannan, an daɗe ana dasa wa kurame na'urar da ke taɓa jijiyar ji a cikin kunne, kuma tun 1997 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da dasa waya a cikin ƙwaƙwalwa don kwantar da karkarwar jiki. Duk wannan gaskiya ne, kuma ni'ima ce daga cikin ni'imomin Allah (S.W.T.), domin Shi ne Ya sanar da mutum abin da bai sani ba. Sai dai mai karatu ya lura da abu guda: dukkan waɗanda muka ambata marasa lafiya ne, kuma abin da aka yi musu ƙoƙari ne na mayar musu da wani ɓangare na abin da suka rasa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ƙara wa basira, ko aka zuba masa ilimin da bai karanta ba.

ABIN DA AKE ALKAWARI

A nan ne zancen ya tashi daga asibiti ya koma wani wuri dabam. Shi Elon Musk bai ɓoye cewa warkar da marasa lafiya matakin farko ne kawai ba. A 2016 ya yi gargaɗin cewa idan ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta ta bunƙasa, mutum zai iya komawa kamar kyanwar gida a gabanta. A 2017, a wani taro a Dubai, ya ce mafita ita ce basirar mutum ta haɗe da ta na'ura. Kafin shi akwai Ray Kurzweil, wanda a littafinsa na 2005 ya ajiye shekarar 2045 a matsayin lokacin da mutum da na'ura za su narke su zama abu guda, ya kuma riƙa yi wa mabiyansa albishir da cewa tsufa da mutuwa matsaloli ne da fasaha za ta warware.

Wannan da'awa tana da rauni ko a mizanin masana na can. Nick Bostrom, masanin falsafa wanda ya rubuta shahararren littafi a kan wannan batu a 2014, ya lissafa dashen ƙwaƙwalwa cikin hanyoyin da ake zaton za su kai ga gagarumar basira, sa'an nan ya nuna shakkarsa a kanta, saboda haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta ga mai lafiya, da kuma cewa idon da Allah Ya ba mutum kyauta ya riga ya kasance ƙofa mai faɗin gaske ta shigar da bayani. A watan Disamba na 2024 wasu masu bincike biyu a jami'ar Caltech suka ƙiyasta cewa gaɓɓan ji da gani suna tattara bayani da ya kai bit biliyan guda a daƙiƙa, bit kuwa shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta, amma abin da tunanin mutum yake sarrafawa bai wuce bit 10 a daƙiƙa ba. Wato matsin yana cikin tunanin ne da kansa. Wanda yake da tulu mai ƙaramin baki, ko ya kai shi bakin kogin Kwara, gwargwadon bakin nan ruwa zai shiga.

Amma rauninta a wajenmu ya fi wannan zurfi. Waɗannan mutane sun ɗauka cewa hankali shi ne saurin lissafi da yawan ajiyar bayani. Malaman lugga kuwa sun bayyana cewa kalmar aƙal a Larabci tushenta ɗaya da iƙal, wato dabaibayin da ake ɗaure raƙumi da shi. Mai hankali shi ne wanda saninsa ya dabaibaye shi daga halaka. Iblis ba jahili ba ne. Ƙaruna, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, ya jingina dukiyarsa ga wani ilimi da yake taƙama da shi, ilimin bai hana ƙasa haɗiye shi ba. Idan aka ninka wa azzalumi saurin tunani sau dubu, abin da za a samu azzalumi ne mai sauri. Sa'an nan duk mai karanta Suratu Ɗaha ya san da me Shaiɗan ya yaudari babanmu Annabi Adamu (A.S.): dawwama da mulki marar ƙarewa. Alkawarin 2045 tsohon haja ne aka sake masa mazubi.

MIZANIN SHARI'A

Musulunci bai taɓa gaba da likitanci ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Likitan Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya yi bayanin tiyatar kai a littafinsa At-Tasrif shekaru dubu da suka wuce, kuma a nan ƙasarmu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta risaloli a kan magunguna. Game da sanya baƙon abu a jiki kuwa, muna da ƙissar Sahabi Arfaja ɗan As'ad (R.A.), wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sanya na azurfa ya yi masa wari, Annabi (S.A.W.) ya umarce shi da ya sanya na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito. Ku duba, zinariyar da aka haramta wa namiji an halatta ta don a mayar da gaɓar da ta salwanta.

A ɗaya gefen, aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ba mu labarin rantsuwar Shaiɗan cewa zai umarci mutane su sauya halittar Allah, kuma hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) a Bukhari da Muslim ya kawo tsinuwa a kan masu sauya halitta don neman ado. Daga haɗa waɗannan nassoshi malamai suka fitar da ƙa'ida: kawar da aibi da mayar da gaɓa kan aikinta halal ne, taɓa lafiyayyar halitta don son zuciya haram ne. A kan wannan ƙa'ida Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tafi. A zamanta na Jidda a 1990 ta tattauna dashen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na jijiya, ta halatta shi idan manufar magani ce, ta hana a kashe ɗan tayi don a samo su. A zamanta na Malesiya a 2007 ta halatta tiyatar da ke gyara nakasa ko mayar da aikin gaɓa, ta hana wadda ake yi don sauya daidaitacciyar halitta bisa sha'awa ko kwaikwayo.

Idan muka ɗora mas'alarmu a kan wannan, hukuncin ya fito fili. Wanda laka ta yanke masa, ko ya rasa magana, ko ji, ko gani, aka ce na'ura za ta mayar masa da wani abu, wannan ɗan'uwan Arfaja ne, matuƙar amfanin ya rinjayi cutarwar kuma ya yarda da saninsa. Amma lafiyayyen mutum ya miƙa kansa a huda don ya fi sauran mutane, wannan ya jefa kansa cikin haɗari ba tare da larura ba, ya kuma yi tasarrufi da abin da ba mallakarsa ba ne, domin jiki amana ce a hannunsa.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanci ƙwaƙwalwa wanda hanci da ƙafa ba su da shi. Imam Al-Gazali, sa'an nan Imam Ash-Shaɗibi a bayansa, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Hankali shi ne ginshiƙin da aka rataya taklifi a kansa, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga yaro da mai barci da mahaukaci, shi ya sa kuma aka haramta giya. Likitoci sun tabbatar cewa wasu daga cikin waɗanda aka dasa wa waya don karkarwa sukan sami sauyin hali, kamar gaggawar yanke shawara ko sauyawar yanayin zuciya. Wannan a wajen magani ke nan, inda ake lura ana gyarawa. To, ina ga ranar da na'urar da wani kamfani yake sarrafawa daga nesa za ta riƙa sanya abu a cikin tunanin lafiyayyen mutum? Niyyar wa za a duba a sallarsa da cinikinsa da sakinsa? Abin da aka haramta kwalba guda dominsa, bai kamata a miƙa makullinsa ga 'yan kasuwa ba.

AMANA A HANNUN WA?

Ko a ɓangaren da muka ce halal ne, akwai sharuɗɗan da tarihi ya koya mana. Na farko, ɗorewa. Kamfanin Second Sight na Amurka ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar da ke ba su ɗan gani. A 2019 ya daina ƙera ta, a 2020 ya kusa rushewa, aka bar bayin Allah da na'ura a cikin ido ba tabbacin mai gyara. Wayar hannu idan ta tsufa a jefar a sayi wata. Wadda ke cikin ƙoƙon kai fa?

Na biyu, sirri. Shari'a ta hana leƙe da bin diddigin mutane, har ta wajabta neman izini kafin a shiga gidan wani. Wane gida ne ya fi cancantar sallama irin tunanin mutum? Ƙasar Cile ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2021 don kare bayanan ƙwaƙwalwa, kuma a Nuwamban 2025 hukumar UNESCO ta amince da ƙa'idojin ɗa'a a kan wannan fanni. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, ya kamata masu ruwa da tsaki su tabbatar ta game irin waɗannan bayanai tun kafin kayan su iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, yarda bisa sani. Mu mutanen Arewa ba sai an ba mu labari ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Raunin da abin ya yi wa amanar jama'a ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003, yaranmu ne kuma suka biya kuɗin wannan ƙauracewa da ƙafafunsu. Darasin biyu ne: kada a bari a yi gwaji da talaka a cikin duhu, kada kuma tsoron gwaji ya hana mu maganin da ya tabbata.

ƘWAƘWALWAR DA KE GABANMU

Yanzu mu dawo gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yayin da attajiran Amurka ke tunanin ƙari a kan ƙwaƙwalwar da ta riga ta cika, mu wadda Allah Ya ba mu kyauta muke bari tana lalacewa. Masana sun haɗu a kan cewa mafi girman ginin ƙwaƙwalwa yana faruwa ne a kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, wato daidai ƙarshen wa'adin shayarwa da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa 57 cikin 100. Tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa fahimta da riƙe karatu. A watanni shida na farkon 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400, ta bar wasu da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai, ga sanƙarau da ke barin kurunta. Ga kuma ƙwaya: gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma kowa ya san shaye-shaye bai bar unguwanninmu ba.

Matashin da ya faɗi daga babur ya bugu a ka a Kafinsoli, bayan an kai shi asibitin Kankiya, sau da yawa sai an ci gaba da shi zuwa Katsina ko Kano kafin a sami ƙwararren da zai duba cikin kansa. Ana ta kai, wa yake ta kaya? Al'ummar da take cikin wannan hali, idan ta ɓata lokacinta wajen musu a kan ko na'urar Musk Dujal ce, ta bar farilla ta kama abin da ko nafila bai kai ba. Kare hankali da malamai suka sanya cikin larurori biyar, a wajenmu yau, ya fara ne daga tukunyar mai ciki da gidan sauro da katin rigakafi da hular kwano.

KIRA

Saboda haka muna kira ga malamanmu da su nemi sanin haƙiƙanin waɗannan abubuwa daga likitoci da masana kafin su hau mimbari, domin hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. Muna kira ga jami'o'in jiharmu, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Ƙalam a Katsina da ta tarayya a Dutsin-Ma, su haɗa malaman Shari'a da na kimiyya a zaure ɗaya a kan irin waɗannan mas'aloli. Muna kira ga matasanmu masu ƙwazo su shiga likitancin ƙwaƙwalwa da injiniyanci da niyyar sauke farali na kifaya, don kada mu dawwama muna karɓar abin da wasu suka ƙera bisa aƙidarsu. Muna kira ga mawadata da kwamitocin zakka da na masallatai a Kankiya da Kusada da kewaye su sanya ciyar da masu ciki da ƙananan yara a sahun gaba. Magidanci kuma ya sani cewa ƙwai da wake da zogale da gyaɗar da ya kai kasuwa ya hana iyalinsa, za a tambaye shi a kansu.

Ɗaukakar ɗan Adam kyauta ce da Allah Ya yi masa, kamar yadda aya ta 70 a Suratul Isra'i ta tabbatar, kuma a cikin wannan sura, aya ta 85, aka tunatar da shi cewa al'amarin ruhi na Ubangiji ne, ilimin da aka ba shi kuma kaɗan ne. Wanda ya riƙe waɗannan biyu ba zai raina kansa a gaban na'ura ba, ba zai kuma nemi matsayin da ba nasa ba.

Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mana hankulanmu da na zuriyarmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.